Bushin Motar Baba Nomau

Jibiya, bakin iyaka.

Zuwa ga ɗana Rabe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ka sauka Kaduna ba tare da ko ƙwarzane ba. Allah ya tsare ka a kan hanya da wurin kwana, ya haɗa ka da mutanen kirki a sabon garejin da ka samu aiki, ya kare hannuwanka daga ƙarfe da wuta. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ranar da na raka ka tasha akwai magana a bakina, amma da na ga ka zauna cikin mota sai na ɓige da duba tayoyin direba, na ce maka Allah ya kiyaye, na juyo. Ban iya magana ido da ido ba, ka san halina. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar motar Baba Nomau ce. Ka san ƙarshenta, kowa a Jibiya ya sani, ni ma ban taɓa ɓoyewa ba. Amma lokacin kana makaranta a Katsina, ba ka ga yadda abin ya taho ba, kuma a nan ne amfanin yake gare ka.

Baba Nomau shi ya koya mini aikin mota tun ban san sifana ba. Mutumin Maraɗi ne, direban wani kumandan Bafaranshe. Da Turawan suka tashi tafiya, kumandan ya bar masa motarsa, wata baƙa mai dogon hanci da fitilu a kan fukafukai. A lokacin gonar gidansu tana hannun jingina. Wansa, Malam Idi, ya ce a sayar da motar a fanso gonar ubansu. Baba ya ƙi. Suka yi kaca-kaca, Baba ya tada motarsa ya ƙetaro Jibiya, gonar kuwa ta tafi. Tun daga nan ba su sake haɗa ido ba, ga shi kuwa tsakaninsu tafiyar hantsi ce kawai. Da yana ta rufe wa Baba ido sai ya bar mini gareji ya koma Gangara da zama, motar tana fake ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kaji na ƙwai a kujerar baya.

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Ba sai na faɗa maka ba, ka gani da idonka. Wanda jiya yake kan keke yau ya sayi babur, mai babur ya sayi akori-kura. Manyan motoci suka yi layi daga Magama, wurin ƙetara iyaka, har cikin gari, wasu da siminti, wasu da atamfa da gishiri za su ƙetara, direbobin Nijar na ta kiran kamyo kamyo, wato babbar mota a bakinsu. Garejina ya cika har bakin titi. Na fara jin kaina wani abu.

Cikin wannan hali ne wata safiya na ga shanun huɗa guda biyu sun shigo gareji suna jan baƙar motar da igiya, Baba Nomau na zaune a ciki ya riƙe sitiyari, wani maƙwabcinsa na kora shanun. Direbobi suka yi ta dariya. Na ruga na buɗe masa ƙofa, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Sallau, wagga mota nika so ka tada mini. Ka maishe ta yadda ta hito hannun Nasara."

Na ce, "Baba, ai yanzu motoci sun yi yawa. In Maraɗi kake son zuwa, gobe ma sai in sa a kai ka a sabuwa fil."

Ya girgiza kai. "Ba zuwa ba ne kaɗai. An ce mini Yaya Idi ya kwanta, ƙafafu sun ƙi. So nike in kai mashi ita da ƙahwahunta, in sa mashi makulli a hannu, in ce ga abin da ya raba mu, yi yadda ka ga dama. Ba ni kai mashi gawa a bayan shanu."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin watan gobe ya kama zai ji kukanta.

Rabe, wata ya kama ya mutu, wani ya kama, motar tana nan inda shanu suka ajiye ta. Kullum na nufe ta sai wani alhaji ya shigo da gingimari yana cewa kayansa za su kwana a iyaka. Shi alhaji yana tsaye a kaina yana hura hanci, Baba kuwa yana can Gangara, ba ya aike, ba ya ƙorafi. Duk ranar kasuwa sai ya zo a kan jaki, ya shafa bonet ɗin da tafin hannu, ya ji ƙura, ya ce, "Aiki ya yi yawa ko?" In ce, "Wallahi Baba." Ya ce, "Allah shi taimaka," ya tafi. Ban taɓa ƙin aikinsa ba. Na dai riƙa sa shi a ƙarshe, don na san shi kaɗai ne ba zai yi mini tsawa ba. Wannan ne kuskurena na farko. Can inda kake za ka haɗu da masu ɗaga murya da masu haƙuri. Ka lura da kanka, domin hannu yakan tafi wajen mai ɗaga murya ba tare da an yi shawara da zuciya ba. Wanda ya yi shiru ya bar ka da alkawarinka, shi ya fi cancanta ka fara da shi.

Innarka ce ta tada ni. Wata rana na koma gida cin abinci, ta ajiye kwano ta ce, "Malam, na ga Baba Nomau a kasuwa yana lalube. Mutumin nan fa ba yaro ba ne, wansa kuma ya girme shi." Na ce mata harkar gareji ba ta mata ba ce. Na ci tuwon yana yi mini ɗaci, don na san gaskiya ta faɗa, kuma har yau ban ce mata ta yi haƙuri da wannan amsa ba. Kai idan Allah ya ba ka mai faɗa maka irin wannan, kada ka mayar mata da abin da na mayar.

Washegari na kama motar. Inji bai ba ni wuya ba, Turawan da sun yi ƙarfe. Na wanke tanki, na sake wayoyin da ɓeraye suka cinye, na sa aka ɗinke kujeru. Da na ɗaga gaba a kan jak na girgiza taya, sai na ji ƙwal ƙwal. Bushin kimfin sun cinye, wato zoben tagullar nan da babbar ƙusar ƙafar gaba ke juyawa a ciki duk sanda aka murɗa sitiyari. Irin na wannan mota kuwa an daina kawo su. Na nema a Katsina, na aika Kano, babu. Mista Bulus, ma'aikacin kwastan ɗin nan mutumin kudancin Zariya da ke kawo mini babur ɗinsa, shi ya ji ina ƙorafi. Ya yi magana da wani abokinsa na duwan, wato kwastan ɗin can ɓangaren, aka tono su a shagon wani tsoho a Maraɗi, naɗe cikin takarda mai maiƙo. Da ya miƙo mini ya ce, "Malam Sallau, mai shagon ya ce su ke nan suka rage. Ka lallaɓa su."

Ka san sabon bushi in an buga shi a gurbinsa yakan matse, ƙusa ba ta shiga sai an bi cikinsa da rima, ƙarfen nan mai wuƙaƙe a jiki, an share kaɗan. Aiki ne na hannu, na natsuwa. Baba ya koya mini shi tun ina saurayi, kuma na iya. Ina so ka riƙe wannan: ba rashin sani ne ya kayar da ni ba.

Ranar da zan yi shi, na buga bushin ke nan sai ga wata tirela an jawo, direban na rantsuwa cewa in bai ƙetara kafin a rufe iyaka ba maigidansa zai kore shi. Na dubi tirela, na dubi aikin Baba, na ce bari in gama wannan maza-maza. Bayis ɗin kan teburi da muke damƙe ƙarfe da shi wani aiki na ciki, sai na dafe ƙarfen ƙafar da gwiwa a kan wani kututture. Mariƙin rima mai hannu biyu ban gan shi kusa ba, na ɗauki sifana na kama ta gefe ɗaya. Ɗan ƙarfen nan mai kamar mazurari, wanda ke zama a bushin ƙasa ya riƙe rima ta tafi a miƙe, na bar shi cikin akwati. Sannan na murɗa notin rima na buɗe wuƙaƙenta da yawa, don in ci a tafiya ɗaya abin da ya kamata in ci a tafiya da dama.

Juyin farko ta cije. Na danna da ƙarfi, ta ƙwace, ta sake cijewa. Sai ta fara karkarwa, kar kar kar, ina jin ta har cikin haƙorana. Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na murɗa ta baya don in cire, na sake turawa, na bi ta da ƙarfi har ta fita ta ƙasa. Na yi wa ɗaya ƙafar haka.

To saurara, ko da ka sha ji a bakina. Rima ba ta karkarwa haka kawai. Ko dai abin da kake sharewa bai kafu ba, ko ka ba ta abin da ya fi bakinta, ko hannunka ya karkata, ko wuƙaƙen sun dakushe. Ka ɗaure aikin a bayis tamau, har in ka girgiza shi teburin ne zai motsa. Ka duba wuƙaƙen a rana kafin ka fara, in akwai wadda ta yi gibi ka ajiye ta. Ka ɗan share bakin bushin don rima ta sami wurin zama. Ka sa mazurarin a ƙasa ko da kana ganin idonka ya isa. Ka kama mariƙi da hannu biyu, nauyinsu ɗaya, ka juya a hankali ba tsayawa ba fizga, kamar mai tuƙa tuwo ya kusa nuna. Abin da za ta ci ya zama kamar ƙura, ba kamar ɓawo ba. Ka fitar da ita tana juyawa ta inda ta shiga, kada ka kuskura ka mayar da ita baya, don baya na kashe kaifi yana kuma tsaga tagulla. Bayan kowace tafiya ka wanke ɓarɓashi da kananzir, ka gwada ƙusa, sannan ka ƙara noti ɗan ƙanƙani. In ƙusa ta shiga da matsin babban yatsa, ba guduma ba kuma sako-sako, ka gama. Idan kuwa ka ji ta fara rawa, tsaya nan take. Da zarar ta yi tudu ɗaya, kowace wuƙa da ta zo sai ta faɗa ramin ta gabanta, abin ya yi ta ƙaruwa. Ka rage noti, ka bi a hankali har ta share tudun, in akwai sauran nama. In babu, bushin ya tafi, ka haƙura.

Nawa babu sauran nama. Da na ɗaga su a rana na leƙa, cikinsu ya yi gunya-gunya kamar hanyar da ruwa ya ɓata. Na sa ƙusa, ta shiga ta kama daram, amma na san a kan tudun kawai take zaune, kuma tudun tagulla ba ya daɗewa. Na tsaya da su a hannu. Na tuna babu wasu. Na tuna watannin da na ɓata wa tsohon. Sai na cika su da giris, na ɗaura, na tafi wajen tirela.

Ranar kasuwa Baba ya zo. Na tada masa mota, ya ji kukan injin, hawaye suka zubo masa. Ya zagaya yana shafawa har ya kai ga tayar gaba, ya kama ta ya girgiza. Shiru, ba motsi.

Ya ce, "Rima ba ta yi maka gardama ba?"

Na ce, "Ko kaɗan, Baba."

Ya ce, "Madalla. Na san hannunka."

Ɓata bushi kuskure ne da kowane makaniki ya taɓa yi. Da na ce masa, Baba na ɓata, da ya yi faɗa, da mun nemi mafita a ranar. Wannan "ko kaɗan" ɗin ita ce ta karya shi, ba rimar ba. Rabe, duk ranar da aiki ya lalace a hannunka, ka faɗa tun ƙarfen bai huce ba. Mai mota zai zage ka, mai gareji zai iya cire maka wani abu, wannan duk mai wucewa ne. Aikin ƙafa da birki da sitiyari kuwa, mutum ne zai hau ya sa iyalinsa, ba ya ganin abin da ka rufe da giris.

Kafin takardun ƙetarawa su fito mun ɗan yi ta yawo da ita, Jibiya zuwa Gangara, wata rana har Riko. A dawowa daga Riko na ji sitiyari ya fara ɗan wasa a hannuna. Na ce a raina, Maraɗi ai ba nisa, mu kai ta tukuna, in ya so daga baya in san dabara.

Muka tashi da hantsi. Baba ya sa farar riga da ya daɗe bai sa ba, ya riƙe ƙullin goro na wansa a cinya. A Magama Mista Bulus ya fito ya buga mana takarda da kansa, yana ta tsokanar Baba wai ango. Muka wuce. Ba mu kai Ɗan Isa ba tayar hagu ta faɗa wani rami, sai gaban motar ya kama girgiza kamar zai rabu da jikinta. Sitiyari ya ƙwace daga hannuna. Na taka birki, ta ja gefe, muka gangara kwari muka daki wani suri. Ni goshi kawai na fasa. Baba ƙofar gefensa ta buɗe ya faɗo, cinyarsa ta karye. Ina ɗaga shi yana lalube cikin yashi yana tambaya ina goron.

Aka kai shi Gangara wajen mai ɗori. Ƙashin tsoho ba ya saurin kamawa, ya kwanta damina guda. Mutane suka ce hanya ce, amma ni tun a ranar da aka ɗaure ƙafar na zauna bakin tabarmarsa na faɗa masa komai, da kututturen, da sifanar, da giris. Ya saurara har na gama. Can ya ce, "Da ka hwaɗa mini, ai akwai mai injin sassaƙa ƙarhe a Katsina. Tagulla kawai za ka kai mashi da ƙusar, shi hidda maka sabbi." Ka ji. Maganin yana nan kusa, a kan harshensa, ni ne ban ba shi damar faɗa ba.

Yana kwance aka aiko daga Maraɗi cewa Malam Idi ya ji labarin haɗarin, ya ce a gaya wa ƙanensa ya bar zancen mota, shi dai ya zo. Baba ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafa ta ƙi. Na ce in ɗauke shi a kwance a bayan akori-kura, mai ɗori ya ce in aka girgiza ƙashin nan ba zai sake takawa ba. Sai aka tsaya jira.

Na jawo motar, na miƙe abin da ya lanƙwashe, na je Katsina aka sassaƙo bushi. Na kwashi bayis da rima na tafi da su Gangara, na kafa a ƙofar ɗakinsa. Ya sa aka jingina shi da bango, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen, na fara juyawa. Ba ya gani, amma kafin ni in ji komai sai ya ce, "Tsaya. Hannun dama ya hi nauyi." In gyara. Can ya ce, "Rage noti." Muka wuni a kan abin da na yi a da cikin ɗan lokacin shan shayi. Da ƙusa ta shige da matsin yatsa, na leƙa ciki, sumul kamar cikin sabon kwano.

Da ya fara takawa da sanda muka sake kama hanya. Motar ta tafi kamar a kan ruwa, ko gezau sitiyari bai yi ba. Muka shiga Maraɗi, yana faɗa mini kwana daga ƙwaƙwalwarsa, nan dama, nan hagu, bayan masallaci. Da na karyo kwanar ƙarshe sai na ga tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune. Na rage tafiya. Ya ce, "Mi ka gani?" Na kashe mota, muryoyin masu ta'aziyya suka shigo mana. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." An yi jana'izar tun shekaranjiya, ɗan aiken da aka turo mana ya saɓa da mu a hanya.

Ya zauna aka yi addu'a. Da mutane suka ragu ya kira babban ɗan marigayin, ya damƙa masa makulli, ya ce ta ubanka ce tun da daɗewa. Muka kwana biyu, muka hau bayan wata kamyo mai ɗauke da buhunan wake muka nufo gida.

A kan buhunan nan na yi ta neman abin da zan ce. Da muka hango Magama na ce, "Baba, ni na hana ka ganinsa."

Ya juyo da fuskarsa wajen muryata. Ya ce, "Sallau, ni na yi shekara da shekaru ina da ido, ina da ƙahwa, mota na tashi, ban tai ba. Kai 'yan watanni ka ci. Kada ka ɗauki kayana ka haɗa da naka." Na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da cewa, "Naka kaɗan ne. Amma naka ne, ka riƙe shi."

Na riƙe, Rabe. Bai sake tada maganar ba har Allah ya karɓi ransa, ni kuma ban ajiye ba. Ban rubuto don ka taya ni ɗauka ba. Na rubuto ne don kada ka je ka samo irinsa.

Allah ya jiƙan Baba Nomau da Malam Idi, ya sada su a inda babu iyaka. Kai kuma Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa duk motar da ta fita daga hannunka ta kai mutanenta gida lafiya. Ka riƙe salla, ka ci abinci a kan lokaci, ka nisanci tuƙin ganganci ko da abokai sun zuga ka. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai muna raye.

Ni ne mahaifinka,
Sallau Makaniki.